Ranar da 'Yan Aji Biyar Suka Manta da Najeriya

A wani ƙauye da ke kudu da Gazawa akwai wata yarinya mai bakin waƙa. Ba a cika kiranta da sunanta na yanka ba. Kowa Kanari yake ce mata, domin tun da ta iya magana bakinta bai huta ba. In an aike ta rijiya, waƙa. In tana shara, waƙa. Kakarta takan ce ko atishawa Kanari ta yi, sai ka ji kamar tana jiran amshi.

Ƙauyen nasu dab yake da iyaka. Mai babur yakan leƙa Najeriya ya dawo tuwo bai huce ba. Rabin mutanen garin suna da dangi a can. Kakar Kanari ma daga can aka auro ta, daga wani gari na ƙasar Katsina.

Kanari tana aji biyar a lakol, wato makarantar boko. Malamarsu ita ce Madam Raliya, wata doguwar mace mai yawan fara'a. Kowace Juma'a da safe takan fitar da 'yan ajin ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ta koya musu waƙa.

Kada ka ɗauka ihu kawai suke yi. Madam ta koya musu yadda ake tsayawa, da yadda ake jan numfashi tun daga ciki. Ta koya musu su saurara da kyau kafin su amsa. Ta koya musu ƙirga tafi, kada wani ya riga wani.

Sannu a hankali abin ya bi su har cikin aji. Yaran da suka saba kasa kunne ga waƙa, sai ga shi suna jin kalmomin Faransanci sarai in ana yi musu shifta. Masu ƙirga tafi bibbiyu da uku-uku, sai lissafi ya daina ba su tsoro. Madam ta sa jadawalin ninkawa a cikin waƙar gaɗa. Ta sa sassan shuka a wata waƙar, tun daga saiwa har zangarniya. Kanari ce mai ba da waƙa, sauran suna amshi.

Da Madam ta ga Kanari ta iya ƙaga waƙa da kanta, sai ta ba ta izini. Amma ta kafa mata doka guda. Ta ce, "Duk waƙar da kika shirya, ki kawo mini tukuna. Mu buɗe littafi mu gwada. In ta yi daidai, sannan ki koya wa 'yan'uwanki."

Kanari ta ce to. Da farko tana kawowa. Daga baya kai ya fara yi mata girma, domin Madam ba ta cika samun abin gyarawa ba.

Wadda ta fi kowa cin amfanin waƙar nan ita ce Saliha, ƙawar Kanari. Saliha tana da i'ina. In aka yi mata tambaya, kalma takan maƙale mata a baki, har yara su fara dariya. Saboda haka ta daina ɗaga hannu, ta koma can baya ta lafe. Ta riga ta maimaita aji biyar sau ɗaya. Mahaifinta, Malam Idi, ya ce in ta sake faɗuwa, karatu ya ƙare, ta zauna ta yi kiwon awaki.

Amma wani abin mamaki, in Saliha tana waƙa, i'inar ba ta zuwa. Muryarta takan fita sumul. Madam ta lura da haka, ta koya mata ta ja numfashi kafin ta yi magana, kamar za ta fara waƙa. Cikin shekarar nan Saliha ta haddace abin da ta kasa riƙewa bara. Kanari tana jin daɗin haka ƙwarai, domin tana son Saliha har cikin ranta.

Da jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, sai aka kira Madam Maradi, wajen wani taron malamai. Kafin ta tafi ta zana taswirar Nijar a allo. Ta nuna musu ƙasashe bakwai da suka kewaye ta, ta ce kowa ya haddace su.

'Yan aji suka taru a kan Kanari. Suka ce sunayen nan sun ƙi zama a kai, ta taimaka ta sa musu su a waƙa. Kanari ta ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Da yamma ta tarar da Innarta da Kakarta suna daka gero. Ta ɗauki taɓarya ta uku ta shiga. Turmi ɗaya, taɓare uku, kowace tana sauka bayan 'yar'uwarta. Kanari ta fi son shirya waƙa a bakin turmi, domin taɓarya ba ta ɓata ƙirga.

Ta fara jera sunayen a zuci, kowace taɓarya da ƙasarta. Uku suka shiga daidai. Uku suka sake shiga daidai. Ta bakwai ta rasa wurin zama. Ta juya ta nan, ta juya ta can, waƙar sai ta yi ɗingishi.

Kanari ba ta son waƙa mai ɗingishi. Ta ce a ranta, bari in cire ɗaya. Wacce za ta cire? Ba ta daɗe tana tunani ba. Najeriya mana. Wa zai manta da Najeriya a garin nan? Gishirin miyarsu daga can yake zuwa. Takalmin ƙafarta ma daga can aka sayo shi. Wannan ba ta buƙatar waƙa, kowa zai ƙara ta da kansa.

Ta tuna da dokar Madam, amma ta ce ai Madam ba ta nan. Kuma ba ta gaya wa kowa cewa ta cire wani abu ba. Washegari ta tsaya a gindin dogon yaro ta rera:

"Benin, Burkina, Mali,
Ku fito ga mu a fili.
Aljeriya, Libiya, Cadi,
Maƙwabtan Nijar, mu yi taɗi."

Waƙar ta yi daɗi, wannan babu gardama. Kafin a tashi kowa ya iya ta. Kafin mako ya zagayo, 'yan aji ɗaya suna yin ta, masu tallar ƙosai suna yin ta. Har Kaka tana yin ta a bakin turmi, ba ta ma kula da abin da take faɗa ba.

Ranar jarrabawa, direktan lakol, wato shugaban makarantar, shi ne ya tsare ajin. Sunansa Barmo, ana ce masa Mushe Barmo, yadda ake kiran malamai maza a lakol. Mutum ne mai tsare gida, ba ya son wasa. Ya sha faɗa cewa waƙar Juma'ar nan ɓata lokaci ce. Ya rubuta tambayoyi a allo. A cikin na labarin ƙasa akwai wadda ta ce a kawo ƙasashen da ke iyaka da Nijar.

Aka ji wani ɗan gunji ya tashi a ajin, kamar ƙudan zuma. Kowa yana rera waƙar a maƙogwaro, hannu yana rubutu. Ita kanta Kanari waƙar ta bi. Ta rubuta shida, ta ja layi, ta wuce gaba tana murmushi.

Bayan 'yan kwanaki Mushe Barmo ya shigo ajin da takardu a hannu. Fuskar nan tasa a murtuke. Ya ajiye takardun a tebur, ya tsaya yana kallon yaran ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wa ke da dangi a Najeriya? Shi ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi ko'ina. Wani ya ce kawunsa yana can. Wata ta ce can aka yi sunan ƙanenta.

Mushe ya ce, "To, ku sauke. Na tambaye ku maƙwabtan Nijar. Kun kai ni har Libiya, wadda ko kakanku bai taɓa gani ba. Amma duk ajin ga, babu mutum ɗaya da ya rubuta Najeriya."

Yara suka saki baki suna kallon juna. Wani yaro ya fara ƙirgawa da yatsu, ya kai shida, ya tsaya da yatsa ɗaya a miƙe. Wata ta dafe kai da hannu biyu.

Kanari ta ji kamar an kwara mata ruwan randa. Ta so ta ce ba zai yiwu ba, amma ta tuna da takardarta. Ita ma shida ta rubuta.

Mushe ya ci gaba da magana a hankali, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce yaro ɗaya yana iya mantuwa. Amma aji guda, a garin da ake jin kiran sallar wancan gefen in iska ta juyo, ba za su manta tare ba. Kuma duk sun jera sunayen iri ɗaya, Benin a farko, Cadi a ƙarshe. Wannan satar amsa ce. Ɗaya ya rubuta, sauran suka kwafa.

Ya tambaya wa ya fara. Ba wanda ya tanka. Yaran sun gane waƙa ce ta ja musu, amma suna tsoro. In suka faɗa, Mushe zai hana waƙar Juma'a gaba ɗaya. Wasu suka saci kallon Kanari. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

Mushe ya ce tunda haka ne, kowa ya ci sifiri a labarin ƙasa. Sannan ya zaro wata takarda daga ƙasa.

"Saliha, tashi."

Saliha ta miƙe.

Mushe ya ce, "Bara ke ce ta ƙarshe. Ban taɓa jin kin amsa tambaya ba. Bana ga lissahinki ya yi kyau, ga shifta ta yi kyau, ga kimiyya ta yi kyau. Daga ina? Wa kika kwafa?"

Saliha ta buɗe baki. Ta ce, "Ba... ba... ba..." Kalmar ta tsaya nan. Ta manta da jan numfashi, ta manta da komai. Hawaye suka zubo mata.

Mushe ya ɗauka rashin gaskiya ne ya rufe mata baki. Ya ce ya soke jarrabawarta duka, ba labarin ƙasa kaɗai ba. Ya ce ta gaya wa mahaifinta ya zo buro, wato ofishinsa, gobe da safe.

Kanari ta ji maganar nan kamar an mare ta. Ta san abin da soke jarrabawa yake nufi ga Saliha. Yarinyar da ba ta taɓa rasa murya ba, yau ta rasa.

Da aka tashi, Saliha ta wuce ita kaɗai. Ba ta jira Kanari a bakin ƙofa ba kamar yadda ta saba.

Kanari ta isa gida shiru. Innarta ta dube ta, ta taɓa goshinta, ta tambaya ko zazzaɓi ne. Ta ce a'a. Aka zuba mata fura, ta kasa sha.

Can sai Kaka ta ɗauki taɓarya, ta fara daka tana rera waƙar maƙwabta. Kanari ta toshe kunnuwa, ta fashe da kuka.

Kaka ta ajiye taɓarya ta ce, "Ikon Allah. Muryar tawa ta yi muni haka?"

Cikin kuka Kanari ta ba su labari tun daga farko. Ta faɗi yadda sunan ya ƙi shiga, da yadda ta cire shi, da abin da ya faru da Saliha.

Kaka ta riƙe haɓa. Ta sake rera waƙar a hankali, tana ƙirgawa. Sai ta zaro ido. Ta ce, "Ke 'yar nema, ashe garin ubana kika share daga duniya? Kuma kika sa ni, ni da bakina, ina ta rerawa ina daka?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da Kanari a gabanta. Ta ce cire sunan kuskure ne, kuma kowa yana kuskure. Amma shirun da ta yi a aji ya fi kuskuren muni, domin wata ce take ɗaukar kayan da ba nata ba.

Kanari ta ce tana tsoro. Mushe zai hana waƙa, 'yan aji za su tsane ta.

Inna ta ce, "Watakila shi hana. Amma mi ya fi, a hana ki waƙa, ko a hana ɗiyar mutane karatu?"

Kanari ta share hawaye, ta ɗauki furar ta sha kaɗan.

Da safe ta riga kowa zuwa lakol. Ta tarar da Malam Idi zaune a kan benci a ƙofar buro, da hauyarsa a jingine, domin ruwa ya sauka, kowa yana hanzarin gona. Saliha tana tsaye a gefensa, idanunta sun kumbura. Madam Raliya ma ta dawo daga Maradi. Tana cikin buro, Mushe yana nuna mata takardun, ita kuma sai juya su take yi.

Kanari ta gaishe da Malam Idi. Ta yi sallama a ƙofar buro. Ta ja numfashi tun daga ciki.

Ta ce, "Mushe, ba wanda ya kwafi wani. Ni ce. Waƙa na shirya, na cire Najeriya don ta ƙi shiga. Ban nuna wa Madam ba."

Mushe ya ce bai gane ba. Sai Kanari ta rera masa waƙar, a nan tsakiyar buro. Mushe yana bin takarda da yatsa. Benin a farko, Cadi a ƙarshe. Ya ɗauki wata takardar, haka. Ya ɗauki wata, haka.

Ya cire tabarau ya dubi Madam. Ya ce, "Kina nuhin 'yar waƙar ga ta fi ƙarhin abin da yaran ga suke gani da idonsu kullum?"

Madam ta ce ita ma abin ya girgiza ta. Ta san waƙa tana riƙe karatu, amma ba ta zaci tana da ƙarfi har haka ba. Sannan ta dubi Kanari. Ba ta yi mata tsawa ba. Ta dai ce, "Na yarda da ke, shi ya sa na ba ki ajin." Da ta yi mata bulala, da ya fi wa Kanari sauƙi.

Mushe ya ce ya ji batun Najeriya. Amma batun Saliha yana nan. Waƙa ɗaya ba za ta mayar da ta ƙarshe ta zama mai ƙoƙari ba.

Madam ta roƙe shi ya gwada ta. Ta ce ya ba ta sababbin tambayoyi, ita kaɗai, ba kowa kusa da ita. Abu ɗaya kawai take roƙo, ya bar ta ta yi gunjinta.

Malam Idi ya leƙo ya ce shi dai a sallame shi, gona tana jira. In yarinya ba ta iyawa, ba dole. Mushe ya ce ya ɗan ƙara haƙuri.

Aka kai tebur gindin dogon yaro, aka zaunar da Saliha. Mushe da kansa ya rubuta mata lissafi. Bai bi jerin waƙa ba. Ya tsallaka nan, ya tsallaka can, don ya ga ko haddar aku ce.

Saliha ta dubi takardar. Ta rufe ido, ta ja numfashi. Yatsanta ya fara buga tebur a hankali, leɓenta yana motsi. Ta rubuta amsa ta farko. Ta rubuta ta biyu. Kanari tana leƙe daga bayan taga.

Mushe ya karɓi takardar ya duba. Ɗaya kawai ta kuskure. Ya yi mata shifta, ta rubuta. Ya tsinko wani ɗan tsiro a gefen katanga, ya ce ta faɗi sassansa da aikin kowanne.

Nan ne Kanari ta ji tsoro, domin wannan da baki za a amsa. Saliha ta fara, kalmar ta maƙale. Ta tsaya. Ta sake jan numfashi. Sai ta fara faɗa a hankali, rabi magana rabi waƙa. Ta nuna saiwa ta ce ita ke shan ruwa. Ta nuna ganye ta ce shi ke karɓar rana. Har ta ƙare ba ta sake tsayawa ba.

Malam Idi ya miƙe daga kan benci bai sani ba. Hauyarsa ta faɗi ƙasa, bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Wagga ɗiyata ce? Ni ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba."

Mushe Barmo ya daɗe yana kallon tsiron da ke hannunsa. Sannan ya ce da Saliha ta yi haƙuri, ya zarge ta da abin da ba ta yi ba. Yaran da ke leƙe ta taga suka dubi juna. Ba su taɓa jin babba ya ba yaro haƙuri a lakol ɗin nan ba.

Ya shiga aji ya yanke hukunci. Jarrabawar Saliha ta dawo. An ɗage wa 'yan aji sifiri, amma kowa ya rasa makin wannan tambaya, domin kowa yana da kai, bai kamata ya bar waƙa ta yi masa tunani ba. Kanari kuwa sifirinta yana nan a labarin ƙasa. Kuma ba za ta sake ba da waƙa ba sai ta gyara wadda ta ɓata, a aji da cikin gari.

Waƙar Juma'a fa? Yara suka yi tsuru-tsuru suna jira. Mushe ya ce za a ci gaba. Amma daga yau shi ma sai ya ji kowace waƙa kafin a koyar.

Kanari ta ɗauka gyaran zai yi sauƙi. Ashe cire waƙa daga bakin mutane ya fi sa ta wuya nesa ba kusa ba. Ta sha wahala kafin ta samo dabara. Ta ƙara baiti a ƙarshe, wanda ake yi da tafi mai ƙarfi:

"Ta bakwai ga ta a ƙofa,
Najeriya, ba mu barin ki a baya."

Ta kai wa Madam, aka buɗe littafi aka ƙirga. Ta kai wa Mushe, shi ma ya ƙirga. Sannan ta fara yawo. Ta bi aji-aji. Ta je bakin rijiya, ta je wurin masu ƙosai. Wasu su koya, gobe su koma tsohuwar. Wasu su yi mata tsiya, su ce ga mai share ƙasa ta iso. Ta haɗiye, ta sake rerawa. Saliha ce take raka ta, tana yi mata amshi.

Ranar da za a faɗi sakamako, iyaye suka taru a filin lakol. Mushe ya fara kiran sunayen waɗanda suka wuce aji shida. Kanari ta saba jin sunanta a farko. Yau aka kira na ɗaya, ba ita ba. Aka kira na biyu, ba ita ba. Sai can tsakiya aka kira ta. Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya.

Amma ba ta koma ta zauna ba. Ta tsaya tana saurare, hannunta a ƙirji. Ana ta kira, takardar tana ƙarewa. Saliha ta rufe fuska da mayafi.

Sai Mushe ya ɗaga kai ya ce, "Saliha Idi, ta wuce."

Kanari ta yi tsalle ta rungume ta. Ta yi murna fiye da duk ranar da ta zo ta ɗaya. Malam Idi yana ta washe baki, yana gaisawa da kowa, har da waɗanda bai sani ba. Wani ya tambaye shi wa zai yi kiwo yanzu. Ya ce awaki su yi haƙuri da shi, Saliha tana da aiki a aji shida.

Yara, waƙa abokiyar karatu ce. Tana koya mana saurare da ƙirga, tana buɗe bakin mai jin kunya, tana riƙe mana abin da muka koya. Amma duk abin da ka ba ta shi take riƙewa, daidai ne ko kuskure. Saboda haka ka tabbatar da abu kafin ka koya wa wani. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kada wani ya sha wuya a madadinka.